Hannun Toka a Ƙofar Malam Salmanu

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan matana.

Ta zo mu ji ta, ko? To ku matso kusa, wannan babu Gizo a cikinta.

Mahfuza ta fito shara da sassafe, sai tsintsiya ta suɓuce mata.

A jikin ƙyauren zaurensu akwai hannun mutum. Tafi da yatsu biyar, fari fat da toka, kamar wani ya dafa ƙofar ya wuce. Kuma... motsi yake yi.

"Inna! Inna, fito ki gani!"

Kafin Inna Mero ta ɗaura zane, rabin garin Yasore ya taru, amma kowa daga nesa ya tsaya.

"Na-Toka ne..." wata ta faɗa ƙasa-ƙasa. "Saura kwana uku."

Bari in gaya muku wane ne Na-Toka. Ba mutum ba ne, ba aljani ba. A takarda aka haife shi. Tayyib, saurayin Mahfuza, ɗan Safana, shi ke zana littafin hotuna ana rububinsa ranar kasuwa. A cikin littafin ya zana ƙasar Batsari, inda Yasore take, bayan shekara hamsin: an kewaye gari da katangar ƙarfe, rana na fitowa jajur kamar garwashi, gonaki sun koma ƙaya, ba mai fita noma sai da izinin mahaya masu rufaffiyar fuska. Sai wani ya tashi daga cikin ƙonannen rumbu, jikinsa duk toka, harsashi na ratsa shi ya wuce. Duk mai kai wa mahaya rahoto, Na-Toka zai dafa ƙofarsa da hannun dama. Rana ta uku a wayi gari gidan ba kowa.

Kun san ƙasar da aka kwana ana tsoro, abin wasa ma da haƙori yake zuwa. Mutane sun ƙosa da infoma, masu kai wa 'yan bindiga rahoto, sai suka rungumi Na-Toka kamar ɗan'uwa.

Ga inda Tayyib ya yi wauta. A littafi na biyu akwai wani tsoho mai gadin katanga, an nuna shi a daji yana raɗa da mahaya. Tsohon nan, fuskar Malam Salmanu gare shi, uban Mahfuza. Har tabon girarsa, har yadda yake karkata hula.

Shi kuwa Malam fataucin gyaɗa yake, yana shiga har Babban Duhu, can wajen dajin 'yan bindiga. Sai aka fara lissafi da ido: yaya yake zuwa ya dawo lafiya kullum?

Da hantsi Tayyib ya iso a kan mashin, ko tsayar da shi bai yi daidai ba.

"Baba, wallahi..."

"Kada ka ce mini Baba." Malam bai ɗaga murya ba. "Na ba ka tabarma a zaurena, ka ba ni wannan."

"Ai na faɗa!" in ji Inna Mero. "Mai zanen mutane ba miji ba ne. Ga Surajo mai injin matsar gyaɗa yana ta sintiri, aka ce sai wannan mai fensir!"

Ta ɗauko ruwa za ta wanke ƙofar, Malam ya hana.

"Bar shi. Wanda ya sa, shi zai wanke."

Mahfuza ta tare Tayyib a bayan katanga, idonta ya kaɗa.

"Kai ka dafa mana ƙofa?"

"Mahfuza... ni?"

"To me ya sa fuskar Baba?"

Ya sunkuyar da kai. "Duk ranar da na zo gaishe shi, kunya ba ta barina in yi magana, sai in yi ta satar kallonsa. Da na zo zana mutumin kirki, hannuna ya ƙi kowace fuska sai tasa. Tsohon nan ba maci amana ba ne, zuciyata. Roƙon mahayan yake su saki waɗanda suka kama. A littafi na uku za a gane."

"Littafi na uku!" Ta yi dariyar da ta fi kuka ciwo. "Kai kana jan rai don a saya, mu ana jan namu ran!"

"Ki yafe mini, hasken idona..."

"Ka bar sunan nan sai Baba ya kwana lafiya."

Rana ta biyu garin ya yi tsit da su. Ba wanda ya aiko sayen ƙulin Inna. Kajin maƙwabta ma an kulle. Malam ya dawo daga sallar azahar ya zauna, ya ce, "Yau a sahu, an bar gurbin mutum ɗaya a damana, ɗaya a haguna."

Mahfuza ta fita ta tsaya gaban hannun. Ta matsa har hancinta ya kusa taɓa katakon. Sai ta ji ƙamshin da ta tashi a cikinsa tun tana goye.

Man gyaɗa.

Abin da ke motsi kuwa kiyashi ne, sun yi dafifi suna lasar man. Ta daɗe tana kallon inda suke bi, da inda suka ƙi bi. Ta koma ciki ba ta gaya wa kowa ba.

Rana ta uku bayan la'asar, sama ta yi ja da hadari, sak irin ta littafin. Samari suka taho da gora, ba mai magana, sai ƙarar takalma. Wasu sun shafa toka a fuska. Mai unguwa na biye yana ba da haƙuri, ba mai jin sa.

Tayyib suka tarar a bakin ƙofa, ya baje hannuwa.

"Ni na ƙirƙiri Na-Toka! Da fensir na yi shi, a ɗakin uwata! Ga shafin ƙarshe, ku duba, tsohon nan ceton mutane yake yi!"

"Jiya ka zana shi don ka ceci suruki," in ji wani daga baya. Surajo ne, hannunsa na dama cikin aljihu. "Kauce, malam mai fensir."

"Sai dai ku bi ta kaina."

Gora ta sauka a kafaɗarsa. Ya durƙusa, ya sake miƙewa, ya sake baje hannuwa.

Nan Mahfuza ta fito, da tsintsiyar nan a hannu.

"Ranka ya daɗe," ta ce da mai unguwa, "a ba ni izini in yi magana."

"Faɗi, 'yata."

"Toka ba ta kama katako sai da mai. Wanda ya yi wannan, man gyaɗa ya shafa a hannu ya dafa, ya watsa toka. Ku dubi kiyashi, ko'ina suna bi. Amma ku dubi manuniya... daga rabi zuwa sama ba ko ɗaya. Don nan ba mai. Da jiƙaƙƙiyar toka aka ƙarasa shi."

Ta buga gindin tsintsiya a ƙyauren.

Rabin yatsan ya zube ƙasa kamar gari.

Kowa ya zuba wa ƙyauren ido. Hannu mai yatsu huɗu da rabi. Duk Yasore an san wanda injin matsar gyaɗa ya cinye wa rabin manuniya bara.

"Surajo," in ji mai unguwa a hankali, "fito da hannunka mu gaisa."

Bai fito da shi ba. Sai ya zube gaban mai unguwa.

"Wallahi tsoro kawai na so a ji! Na ce Malam zai kori mai zanen nan, ni in samu shiga... ban san za a ɗauko gora ba!"

Gorar kuwa ta juya kansa. Sai ga Malam Salmanu ya fito ya tsaya a gabansa.

"Yanzun nan kuka kusa kashe ni a kan toka. Ba za ku kashe wani a ƙofata ba. Mero, kawo ruwan nan. Mai shi ya zo wanki."

Surajo ya wanke ƙofar a gaban jama'a, samari na sulalewa ɗaya bayan ɗaya suna goge fuska da hannun riga.

Malam ya dubi Tayyib da ke dafe da kafaɗa.

"Kai kuma, daga yau ba ka ƙara sa fuskar mai rai a littafinka."

"Na ɗauka, Baba." Ya ɗan saci kallon gefe. "Ko... ko ta mutum ɗaya?"

"Ita wannan ka kalle ta a gida, ya ishe ka."

Mahfuza ta ja mayafi ta rufe fuska. Da za ta wuce ta gefensa ta ce ƙasa-ƙasa, "Sunan nan da na hana ka... ka iya ci gaba."

Bayan girbi aka ɗaura auren, aka kai ta Safana. Inna Mero da kanta ta gasa wa Tayyib kafaɗa har ta warke, tana yi tana mita. Littafi na uku ya fito: Na-Toka ya gane ya dafa ƙofar mai gaskiya, ya zauna a bakinta ya ruguje, iska ta kwashe shi, Tayyib bai sake tayar da shi ba. Surajo ya sayar da injinsa ya bar garin. Malam Salmanu na nan yana fataucinsa, kafaɗa da kafaɗa a sahu. Ƙyauren ma na nan. Toka ta fita, amma mai ya riga ya shiga katako, in damina ta jiƙa shi hannun yakan fito, yatsu huɗu da rabi.

Ƙurunƙus. Ku tashi ku duba mini tukunyar can.