Igiyar da Ke Jikin Kwakwar Babana

Igiyar sabuwa ce. Abin da idona ya fara kamawa ke nan da muka ratso ta tsohon ƙauyenmu na bakin teku. An murza ta da zaren ɓawon kwakwa, an ɗaura ta a kugun bishiyar kwakwar Babana, an soka ɗanyen ganye a ƙullin. Ganyen bai ma yi yaushi ba.

Wato har yanzu Mama tana zuwa tana sabunta ta. Shekara goma sha huɗu!

"Wannan fa, Malama Shiru?" Anselm ya tambaya, yana gyara jakata a kafaɗarsa. "Duk bishiyoyin nan ita kaɗai aka yi wa ɗamara."

"Igiya ce kawai," na ce, na ƙara sauri.

Shekara tara ke nan da wannan rana, Mama ma ta kwanta dama, amma duk sa'ad da na tuna amsar nan sai na ji kunya ta rufe ni.

A ɗakin karatu na kwalejin Port Blair, babban birnin da ke wani tsibiri nesa da namu, muka haɗu da Anselm. Wata uku yana zama a teburin da ke kallon nawa kafin na iya amsa masa gaisuwa da murya, shi ya sa ya laƙaba mini Malama Shiru. Da na gama digiri na samu koyarwa a can, shi kuma yana gyaran injin jiragen ruwa. Ya ce aure. Na ce sai Mama ta yarda.

Ba ƙaramar magana ba ce. Wanda ba ɗan ƙabilarmu ta Nikoba ba ne ba ya zama a tsibirinmu, ko ziyara sai da takardar izini. Tasa ta kwana biyar ce. Idan na aure shi, ni zan bar gida, kuma ni kaɗai Mama ta haifa.

Kawu Obed, yayan Mama kuma shugaban babban gidanmu, shi ya tare mu a tsakar gida da adda a hannu yana fere kwakwa.

"Priska! Wannan ne? Ke da kika ce dogo ne?"

"Kawu, ban ce ba..."

"To ai shi ke nan, gajere ba ya cin tabarma da yawa. Kai, ɗan wane ne kai?"

Anselm ya rusuna. "Kakana daga garin Ranchi, can ƙetaren teku, Turawa suka kwaso shi, Baba. Saran katako aka kawo su yi."

"Iye! Jikan masu sare itace a gidan masu shuka itace! Ku ɓoye addunanku, jama'a!"

Gida ya kwashe da dariya, har da Anselm ɗin. Mama kaɗai ba ta yi ba. Tana zaune a matakalar ɗakinta tana kankare kwakwa a akushi. Da ya durƙusa ya gaishe ta da yaren Hindi, sai ta dube ni ta ce da harshenmu, "Me ya ce?"

Mama da ke ciniki da fataken Tamil cikin yaren Hindi tun ban san kaina ba!

"Ya ce ina wuni, Mama."

"Ki ce masa lafiya." Ta ci gaba da kankararta.

Kwana uku haka muka yi. Anselm ya gyara injin kwale-kwalen Kawu, ya ɗebo ruwa, ya fasa wa aladun gida kwakwa har hannunsa ya yi kanta. Ya ci tuwonmu na 'ya'yan pandanus, wata bishiyar bakin teku, yana murmushi, alhali ina kallon yadda yake haɗiye shi da ƙyar. Mama tana zuba masa abinci, ba ta taɓa rage masa ba, amma ko sau ɗaya ba ta kira sunansa ba. "Baƙonki" take cewa.

Da yamma mukan zauna a kan ginin simintin da sojojin Japan suka bari a bakin rairayi tun zamanin yaƙin duniya, inda muke wasan ɓuya muna yara. Ruwan wajen kore ne garau, kana hango kifi kamar a kwano.

"Ba ta sona," in ji Anselm.

"Ba kai ne ba ta so ba. Jirgin da zai tafi da ni ne."

"To me zan yi, masoyiyata? Faɗa mini, ko dutse ne in ɗauka."

Nan ya kamata in gaya masa. A gidanmu idan mutum ya rasu ana ɗaure wa bishiyar kwakwarsa igiya. Ba mai hawa, ba mai tsinka, ko wadda ta faɗo ba a ɗauka, sai ranar da aka yi masa bikin sallama aka kwance. Sunansa ma ba a kira. Babana ya fita duba komarsa da safiyar Lahadin da teku ta hau ƙasa, ina da shekara takwas. Ba a ga gawarsa ba. Kowane gida ya yi bikin nasa mamatan ya kwance, Mama ta ce ita ba ta binne kowa ba.

Anselm ya san ruwa ne ya tafi da Babana. Iyakar abin da na iya faɗa masa ke nan a shekara uku.

"Ka dai yi haƙuri," na ce.

Rana ta huɗu Kawu ya tsokano shi wajen karin kumallo.

"Injin dai ka iya, na yarda. Amma a nan namijin da bai iya hawa kwakwa ba, ko akuya ba ma ba shi, balle 'ya."

"Na iya mana, Baba!"

"Kai ɗin? Da wannan tumbin?"

"Kawu, don Allah..." na ce.

"Ke yi shiru, Malama. Wasa muke da surukina."

Da hantsi Mama ta ɗauki kwando za ta tsohon ƙauye roron kaguwa, muka bi ta. Tafiya ce mai ɗan nisa daga tudun da aka mai da mu bayan ruwa. Rana ta yi zafi. Da muka isa Mama ta zauna a kan guntun harsashin tsohon cocinmu tana haki, tana share gumi da gefen zani.

"Mun manta ruwa," na ce.

Na gangara da kwandon wajen duwatsu, na bar su. Ban fi minti goma ba na ji tim! Sai kuma muryar Anselm daga sama, cike da murna.

"Priska! Kalle ni! Ki je ki gaya wa Kawu!"

Na ɗaga kai. Kwandon ya suɓuce daga hannuna.

Yana can ƙololuwar kwakwar Babana. Ita ce ta fi kowacce 'ya'ya, tunda ba mai taɓa ta. Igiyar kuwa ya kwance ta, ya ƙulla ta a idon sawunsa, yadda ya ga samarinmu suna yi da igiyar hawa.

"Sauko!" Ban san ina da murya irin wannan ba. "Anselm, sauko!"

Ya zamo ƙasa, ƙirjinsa duk ya kuje, yana dariya. Ya ɗauki kwakwar da ya jefo, ya kai gaban Mama da hannu biyu, ya faɗi kalmar da ya kwana yana haddacewa da harshenmu.

"Mama... sha."

Mama ba ta dubi kwakwar ba. Ƙafarsa take kallo. Ta miƙe a hankali, ta durƙusa a gabansa, ta kwance igiyar da kanta. Ta naɗe ta a hannu, ta kama hanyar gida.

"Me na yi?" Dariyar ta bar fuskarsa. "Priska, me na yi?"

Sai a lokacin na faɗa masa. Duka. Ina faɗa ina kuka, shi kuma ya zauna daɓas a rairayi ya dafe kai.

"Na tambaye ki! Ranar da muka zo na tambaye ki!"

"Na sani..."

"Kika ce igiya ce kawai!"

"Na sani, Anselm! Na kasa ne!"

Labari ya riga mu isa gida. Ba wanda ya yi mana faɗa, kuma da faɗan aka yi da ya fi sauƙi. Kawu Obed ya daina wasa. Anselm ya ajiye kwakwar a matakalar Mama don bai san inda zai kai ta ba, kowa ya riƙa kewaye ta.

Na shiga ɗaki na same ta zaune, igiyar a cinyarta.

"Mama, laifina ne. Bai sani ba."

"Na san bai sani ba."

"Zan sake ɗaurawa. Yanzu ma zan koma..."

"A ɗaura me? An riga an hau." Ta shafa igiyar. "Kin san abin da ya sa nake sabunta ta? Ba hauka nake ba, Priska. Na san ba zai dawo ba. Amma ranar da na kwance, ranar ce zan ce na yarda. Ni kuwa ba a tambaye ni ba. Ruwa bai tambaye ni ba. Yanzu ga jirgi ya zo ɗaukar ki..."

"Shi ya tambaya, Mama. Tambayar ce ta kawo shi."

Ta ci gaba da shafa igiyar.

"Ba zan tafi ba," na ce. "Gobe zan raka shi tasha in dawo. Makarantar nan ma tana neman malamai."

"Ni na ce ki zauna?"

"Ba ki ce in tafi ba."

Sai muka ji motsi a ƙofa. Anselm ne durƙushe a ƙasan matakala, kansa a sunkuye. Bai nemi in fassara ba, da Hindi ya yi magana kai tsaye.

"Mama, na san kina jina. Ban zo neman komai ba yanzu, gafara kawai. Mu ba mu da irin wannan. Kakana a daji ya mutu, itace ya faɗo masa, ba wanda ya san inda aka sa shi. Babana ya yi ta nema har ya gaji. Ba kabari, ba bishiya, ko hoto babu. Da muna da bishiya ɗaya da za mu ce tasa ce, wallahi da ni ma na tsare ta kamar yadda kika tsare. Ga shi ni ne na ɓata taki."

Ya tashi ya tafi.

Mama ba ta ce "me ya ce" ba.

Washegari na fito da sassafe, idona a kumbure. Kwakwar tana nan a matakala inda ya ajiye ta. Har na wuce sai na dawo da baya. An fere kanta da adda, sara uku masu tsabta irin na Mama. Na ɗaga ta. Ba nauyi. Babu ko ɗigo a ciki.

Na leƙa ɗaki, ba kowa. Kwandonta ma ba ya nan.

Kawu ya kai mu tashar jirgin ruwa ta Mus a bayan tsohuwar motarsa. Ban ɗauki kaya ba. Da muka hango jirgin, Kawu ya yi gyaran murya.

"Hawan dai ba laifi," ya ce. "Saukowar ce kamar buhun shinkafa."

Ba wanda ya yi dariya.

A bakin gadar jirgi mutane suna ta lodin buhunan busasshiyar kwakwa. Anselm ya tsaya a gabana, ya rasa inda zai sa hannunsa.

"Zan sake neman takarda," ya ce. "Ko sau goma ne."

"Kada ka wahalar da kanka..."

"Malama Shiru, kalle ni. Wata uku na jira ki ce mini ina kwana. Kin ɗauka na gaji da jira?"

Hawayena suka zubo. Jirgin ya yi ƙaho na farko.

"To, ga ta nan," in ji Kawu a hankali.

Na juya. Mama ce ke saukowa daga motar haya, zaninta jiƙe har gwiwa, rairayi a ƙafarta. Jakata tana rataye a kafaɗarta, ta rungumo wani abu a ƙirji kamar jariri. Ta ratso mutane ba ta gaida kowa ba.

Ta sauke jakar a gabana. Sannan ta juya ga Anselm.

Kwakwa ce, busasshiya, irin waɗanda suka shekara suna faɗowa a gindin bishiyar Babana ba mai ɗauka. Ta tsage, tsiro ya fito da kunne biyu kore shar. An naɗe ta da igiyar nan, an yi mata mariƙi.

Ta kamo hannuwansa biyu, ta ɗora masa, ta danne yatsunsa a kai da nata.

"Mama..." ya ce.

"Ka riƙe da kyau, jikan masu sara," in ji Kawu, yana goge hanci da bayan hannu. "Wannan shukawa ake yi. Bayan damina kuma ku dawo, akwai bikin sallama. Da asuba ta tashe ni ta faɗa mini."

Bishiyar tana ƙofar gidanmu yanzu, ta wuce rufin ɗaki. Bara ta fara 'ya'ya, Anselm ne ya hau.

Amma ba ita nake gani ba idan na rufe ido. Mama nake gani a bakin gadar nan. Na rungume ta ina kuka, ta bar ni na yi mai isata, sannan ta zare hannuwana daga wuyanta, ta gyara mini wuyan riga kamar ranar da ta fara kai ni makaranta. Jirgin ya yi ƙaho na biyu. Na sunkuya in ɗauki jaka.

Da na ɗago ta riga ta juya. Tana tafiya a hankali tsakanin buhuna da masu dako, hannuwanta biyu babu komai, sawunta jiƙaƙƙu suna bushewa a kan siminti.