Loma Ɗaya a Funtuwa

Kamila na tankaɗen garin dawa a tsakar gidansu da ke Kafinsoli, amma kunnenta yana zaure. A can mahaifinta, Malam Babba, yake gaya wa ƙanwarsa Gwaggo Kubura cewa ba zai ba Abdulbaƙi 'yarsa ba, sai ta je Funtuwa ta gano masa irin zaman da yaron yake yi a kamfanin gurzar auduga. Da kuka da magiya Kamila ta samu aka tafi da ita ganin gari.

Abdulbaƙi, bawan Allah, kamar ya goya su don murna. Ya nemi izini a wurin aiki, ya zaga da su kasuwa, ya nuna musu manyan motoci shaƙe da auduga. Da azahar ta gabato ya kai su rumfar mai gurasa da ke bakin kamfani, ya sa aka yanko balangu mai zafi. A nan kowa a tsaye yake ci, manaja da lebura, don hutun minti ashirin ne kacal. Sabo kuwa turken wawa. Sai ya yi bisimilla, ya kai loma a gaban surukar gobe.

Kamila ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta yi ta ƙifta masa ido, shi ko ya ɗauka yaji ne ya kama ta, ya miƙo mata ruwa.

Gwaggo ta cinye nata tas, har da suɗe yatsu. Da suka iso gida ta nufi wurin Malam Babba.

"Yaya, yaron nan ba shi da kunya," ta ce. "Gabana hwa ya ci abinci, yana tauna yana kallona!"

Malam Babba ya ce to magana ta mutu, wanda bai ji kunyar gwaggo ba, ba zai ji ta uba ba. Kamila ta yi kuka har muryarta ta dushe. A waya Abdulbaƙi ya ce, "Wallahi saurin cin abinci a hutun kamfani ne ya bi jikina, Kamila. Mi zan yi yanzu?" Ta ce ya yi haƙuri, ita ma haƙurin za ta yi.

Shekara uku ke nan, duk wanda ya zo nemanta sai ta ƙi fita. Kowace Sallah Abdulbaƙi yakan zo ya durƙusa a zaure, a ajiye masa fura, ya tashi bai taɓa ta ba. Yanzu kuma Gwaggo cewa take yi ya raina abincin ƙauye.

Bana dai Malam Babba ya dubi kwanon furar, ya dubi ramar 'yarsa, ya ce a bari sai bayan kaka a gani. Iyakar abin da haƙurinta ya samo mata ke nan, kuma ta riƙe shi hannu biyu.

Samari, ku koyi al'adar gidan da kuke nema kafin ku kai loma. Iyaye kuma ku ji tsoron Allah, kada ku auna mutum da loma ɗaya.