Rigar Lemuel

Duk tsaunukan Kentucky ba maharbin da ya kai Zebulon saiti, sirrinsa kuwa ƙyalle ne. Kafin ya danna dunƙulen dalma a bakin bindiga, sai ya naɗe shi da yankin yadin lilin mai kitse. Lilin ɗin rigar Lemuel ce, abokin farautarsa da ya faɗa rami bara ya karye. Da ransa Zebulon ya tuɓe masa ita, ya ce, "Yadi irin wannan ba a kai shi kabari," ya bar shi cikin ƙanƙara.

Wani dare yana gashin nama a daji, sai ga mutum ya fito daga duhu ya zauna bakin wuta. Busasshen ganye ko ƙas bai yi ba a ƙarƙashin ƙafarsa.

"Kai kuma daga ina?" in ji Zebulon. "Naman nan dai ba na rabo ba ne."

Baƙon ya buɗe hannu, ya shiga jera ƙyallaye a gwiwarsa, kowanne da baƙin albarushi, irin waɗanda ke faɗuwa gaban bindiga bayan harbi.

"Shekara guda ina bin ka ina tsinta," ya ce, muryarsa kamar daga ƙasan rijiya. "Uku sun ƙone, rigata ta ƙi haɗuwa."

Ya kamo hannun Zebulon, ya murza fatar da yatsu biyu masu sanyi, yadda maharbi ke gwada kaurin yadi.

"Wannan ma za ta yi, abokina. Ara mini wuƙarka."