Farantin Gwamnati na Kwanar Tafki

A kakar shekarar 1969, ranar wata Talata da hantsi, Sufeto Abdu yana zaune a barikin Madarumfa yana kurɓar shayin da ya huce, sai jandarma Hamisu ya faɗo ciki ba sallama, takalminsa duk taɓo.

"Ranka ya daɗe, babbar motar Illo ta faɗa tafki. Ta taso daga Gabi da gujiya, ta zo kwana, ta ƙi kwanar, ta miƙe cikin ruwa."

"An rasa rai?"

"Ko ƙwarzane babu. Sai dai kifi yau sun yi salla." Hamisu ya share gumi. "Kuma farantin gwamnati ya ɓata."

Sufeto ya ajiye kofi.

Abin da mutanen gari ke ce wa farantin gwamnati allon hanya ne da aka kafa da damina, gab da kwanar. Ƙarfe ne zagayayye, fari mai jan baki, da lamba talatin a tsakiya, wato kada mota ta wuce kilomita talatin a awa. Shi ne na farko a Madarumfa, kuma shi kaɗai.

Sun tarar da motar hancinta cikin ruwa, bayanta a sama kamar agwagwa tana kiwo. Direba Illo yana zaune kan wani jiƙaƙƙen buhu, ya shanya farminsa, takardar izinin tuƙi, a kan gwiwa.

"Gudu nawa kake yi?" in ji Sufeto.

"Gudu? Ranka ya daɗe, jaki mai ciki sai ya wuce ni."

"Me allurar motar ta nuna?"

Illo ya sosa ƙeya. "Allurar ta rasu tun bara. Amma ina da buta rataye bayan kujera. In ta fara bugun ƙarfe, na san na yi sauri."

"Yau ta buga?"

"Kaɗan-kaɗan." Ya kau da kai. "To, ta yi kalangu. Amma farantin nake jira in taka birki, kullum da shi nake gane kwana ta zo. Na duba, na duba, sai na ga ruwa."

"Ƙarya yake yi!"

Mai maganar wani dogo ne mai warin hayaƙi, Usman mai banda, wanda rumfarsa ke can gaba da kwanar.

"Da idona na ga farantin yau da safe, yana nan daram. Wanga direba ya fito daga ruwa ya kwance shi ya jefa tafki, don ya ce babu shi."

Illo ya miƙe yana rantsuwa. Sufeto ya miƙa hannu ya karɓi farmin, ya sa a aljihu.

"In allon yana nan ka take doka, sannan ka sace shi, kumandan na Maraɗi zai yaga wannan takarda. Ba ka ƙara tuƙi."

"Ranka ya daɗe, ita ce gonata," in ji Illo. "Ban iya noma ba. Ko akuya ban iya ɗaurewa."

Sufeto ya juya. Ya taka zuwa sandar ƙarfen da aka bari tsirara, ya tsaya yana kallonta har Hamisu ya fara jin kunyar mutane.

"Hamisu, me ka gani cikin ramin noti?"

"Laka, ranka ya daɗe."

"Gidan zanzaro ne. Taɓa ka ji."

"Ya bushe ƙamas."

"Zanzaro ba ya gina ɗaki ya bushe tsakanin safiya da hantsi. Farantin ya kwana biyu ba ya nan. Yanzu sunsuna."

Hamisu ya duba hagu da dama, ya sunsuna. "Man kifi."

"An shafa wa notin don ya kwance. A tafi wajen masu kifi."

Rumfar da ta fi kusa da sandar ta Zainabu ce mai soyayyen kifi. Suka same ta tana korar ƙuda daga tarwaɗar da ta yi tsibi a tire.

"Sannu da aiki, Zainabu. Yaushe farantin ya ɓata?"

"Wane faranti? Ni ba na ɗaga kai, Sufeto, kaskona nake kallo."

"Kifin jiya ne wannan?"

"Na yau ne."

Sufeto ya ɗauki ɗaya ya ƙwanƙwasa shi a jikin tire. Ya yi ƙara kamar icce.

"To, na shekaranjiya ne," in ji ta, ta yar da mafici. "Tun da aka ɗauke abin nan ba motar da ta tsaya. Da, sai su rage gudu a nan, ƙamshi ya shiga hancin direba, shi ke nan. Yanzu sai dai su watsa mani ƙasa su wuce."

"Me ya hana ki zuwa bariki?"

Zainabu ta ja gyale ta rufe rabin fuska.

"Ai na riga na ce nawa ne."

"Naki?"

"Masu kifi suka dame ni da tambaya, wai me na taka motoci ke durƙusa mani. Sai na ce maganin kasuwa ne, wani malami a Katsina ya rubuta mani, na biya ma'aikata suka kafa. Wasa nake, wallahi! To in na zo na ce allon gwamnati ya ɓata, da wane ido zan dubi mata?"

Hamisu ya juya baya, kafaɗunsa na girgiza.

"Wa ya fi damun ki da tambaya?"

"Usman. Har goro ya kawo mani, wai in faɗa mashi sunan malamin."

Rumfar Usman tana inda motoci ke sake ɗaukar wuta bayan kwana. Bandarsa ta yi ja da ƙura. A daidai bakin rumfar ƙasa ta canza launi, an ɗora mata turmi a kife.

"Haƙa ka yi a nan, Malam Usman?"

"Gara ce ta dame ni."

"Turmin fa?"

"Don kada ta dawo."

"Allah ya raba ka da gara," in ji Sufeto, ya sayi banda guda ya yi sallama.

Da suka yi nisa Hamisu ya kasa haƙuri. "Ranka ya daɗe, layar kasuwa a bakin rumfa ake binne ta, kowa ya sani. Mu ɗauko fartanya mana!"

"Mu tono, ya ce maƙiya suka binne mashi? Mutumin da ya yi wa Illo ƙarya gaban jama'a ba zai rasa ta biyu ba. Bari ya tono da hannunsa."

Suka koma wajen Zainabu. Sufeto ya ce tun da bakinta ya ƙulla, bakinta zai kwance. Da la'asar ta shiga cikin masu sayen kifi a bakin tafki, inda Usman ke ciniki, ta ɗaga murya kamar mai kiran ɗiya daga gona.

"Ni dariya ɓarawon ke ba ni! Malam ya ce maganin nan ba a binne shi. In ya ji ƙasa, korar ciniki yake. Sai an ɗaga shi sama, ya ga rana, ya fuskanci hanya!"

Washegari da hantsi Sufeto da Hamisu suka fito, Illo na biye da su kamar maraya. An riga an jawo motarsa da shanu da igiya, tana gefe tana ɗigar ruwa.

Tun daga nesa suka hango shi. Farantin gwamnati ne a kan dogon gora, bisa rumfar Usman, an wanke shi yana walƙiya, an kuma ɗaure shi kai ƙasa. Motoci biyu na tsaye a gindinsa. Usman na naɗe banda a takarda hannu bibbiyu, bakinsa har kunne.

"Kasuwa ta yi kyau, Malam Usman."

Usman ya ɗago. Ya dubi Sufeto, ya dubi gora, ya sake duban Sufeto.

"Tsintarsa na yi."

"A ƙarƙashin turmi?"

Turmin na gefe, ramin a buɗe, fartanya a ciki. Usman ya zauna a ƙasa a hankali.

"Ranka ya daɗe, ka yi mani adalci. Tun kafin Zainabu ta iya hura wuta nake banda a hanyar nan. Rana ɗaya a kafa mata faranti, manyan motoci su riƙa zuwa suna rusuna mata, ni suna ba ni ƙura? Na kwance shi ran Juma'a, mutane na masallaci. Na wanke rubutun na yayyafa wa kifi, na sha saura."

"Ka sha?"

"Ɗaci gare shi. Da bai yi aiki ba na binne."

"Illo fa? Me ya yi maka?"

Usman ya sunkuyar da kai. "Da na ga mota cikin ruwa tsoro ya kama ni. Na ce in ba a samu mai laifi ba, za a nemo shi."

"Usman, wannan ba magani ba ne. Lamba ce. Tana gaya wa direba ya rage gudu don kwana na gaba. Da kasuwa ce ranar, da mata da yara a bayan motar, yau gawa muke ƙirga."

"Na ji, na tuba," in ji Usman. Ya saci kallon motocin da ke tsaye. "Amma dai ka ga sun tsaya."

Hamisu ya sa masa ankwa, sannan ya hau ya mayar da farantin kan sandarsa, kai sama. Zainabu ta riga ta ɗora kasko.

Sufeto ya zaro farmin daga aljihu. Illo ya miƙo hannu biyu, amma Sufeto bai saki ba.

"Allon ba ya nan, gaskiyarka. Amma tafkin yana nan tun kafin a haifi kakanka, kuma ba ka da makanta. Tarar gudu za ka biya. Allura kuma a gyara ta a Maraɗi yau. In na sake jin buta na tuƙa mota, ni da kaina zan yaga."

"Wallahi ko alwala ba na ƙara yi da ita a mota!" Illo ya sumbaci takardar, ya cusa ta cikin hula.

Motar bariki tana wajen gyara, don haka a motar Illo aka ɗauki mai laifi zuwa Maraɗi. Sai da aka tura ta zuwa bakin gari ta tashi, sannan ta juyo. Usman na tsakiya, Sufeto a bakin ƙofa. Da suka doso kwanar, Illo ya hango jan bakin farantin, ya taka birki tun daga nesa, motar ta riƙa rarrafe har wata tsohuwa mai ɗauke da itace ta wuce su.

Usman ya bi farantin da kallo har ya ɓace a baya. Sannan ya matso kusa da kunnen Sufeto, ankwa na ƙara.

"Ranka ya daɗe, tsakaninmu. Wane malami ne ya yi wa gwamnati shi?"