Shatin Hannu a Murfin Inji

Ranar da ya fara ganinta, baro take turawa. A ciki akwai tsohon injin jirgin ruwa lulluɓe da buhu, nauyinsa yana rinjayarta. Ta tsaya a bakin rumfarsa tana haki.

"Kai ne makanikin? An ce kana tayar da matattu."

Ya yaye buhun. Tsatsa ta ci gindin injin, ta bi notuna, ta kumbura shuɗin fentin murfin kamar ƙuraje.

"Wannan bai mutu ba, watsi aka yi da shi. Na wane ne?"

"Na Babana ne, mai fito. Tun da yayana ya rasu bai sake taka jirgi ba. Da ƙyar Inna ta shawo kansa ya yarda a gyara."

Ya ce Allah ya jiƙansa. Ya kamata ya ƙara tambaya. Bai ƙara ba, don idonsa yana kan fuskarta.

Auta ake kiranta a gida. Shi kuma ta laƙaba masa Sarkin Tsatsa, saboda hannuwansa kullum ja ne har cikin farce. Da hantsi sai ta zo, wai duba aiki. Ta zauna a kan kifaffen bokiti, shi yana jiƙa notuna a kananzir, yana bin ƙarfe da burushin waya, sannan samfefa mai kaushi, sannan mai laushi.

"Me zai hana ka shafa fenti a kai kawai? Wa zai gani?"

"Ruwa zai gani. In ka rufe tsatsa, ta ƙasa take ci. Sai an kai ga farin ƙarfe."

"To ni ma kankare ni za ka yi kafin ka so ni?"

Burushin ya suɓuce masa. Ta yi ta dariya har ta kusa faɗowa daga bokitin.

Daga nan saƙonni suka fara.

"Sarkin Tsatsa, ka ci abinci ko ƙarfe ka tauna?"

"Na ci, Sanyin Idona. Bokitinki yana nan, ban bar kowa ya zauna a kai ba."

Murfin ya bari a ƙarshe. A gefensa akwai shatin tafin hannu a cikin tsohon fentin, yatsu biyar a baje. Tsatsa ta ɗago shi ta ƙasa. Auta ba ta zo da safen nan ba. Ya sa burushi ya kankare, ya goge har murfin ya ɗauki ido.

Da yamma ta zo tare da Babanta. Dogon tsoho ne, busasshe, ba ya gaisuwa mai tsawo. Ya zagaya injin yana gyaɗa kai. Da ya zo kan murfin sai ya tsaya.

"Ina hannun?"

"Wane hannu, Baba?"

"Wanda ke nan."

Makanikin ya yi murmushi, yana neman ya burge. "Au, wannan? Wani mai gaggawa ne ya dafa fenti bai bushe ba. Na share muku ƙazantar."

Auta ta toshe bakinta da mayafi.

"Hannun ɗana ne," in ji tsohon.

Ya cicciɓi injin haka nan tsirara ya saka a baro. Makanikin ya miƙa hannu zai taimaka, tsohon ya dube shi, hannun ya koma.

Saƙo ɗaya ta aiko bayan haka.

"Yaya ne ya fente shi, ya dafa da gangan yana dariya, wai don injin ya san mai shi. Kullum da safe Baba yakan ɗora tafinsa a wurin. Ko hotonsa na kirki ba mu da shi. Laifina ne da ban faɗa maka ba. Amma bakinka ne ya ce ƙazanta."

Ya rubuta ban haƙuri. Shiru. Ya sake rubutawa. Shiru.

Ya tura kawunsa, ya ba da haƙuri, ya kuma nemi izinin neman aurenta. Kawu bai daɗe ba ya dawo, ya zauna ya cire hula.

"Me ya ce?"

"Ya ce wanda ya share masa ɗa ba zai ɗauke masa 'ya ba. Ka cire rai, ɗana."

Bai cire ba, amma bai ga hanya ba. Noti in ya karye akan sauya. Wannan ba a sayar da shi ko'ina.

Sai ga motar mai shagon sababbin injuna ta fara tsayawa a ƙofar gidan mai fito. Mutum ne mai turare da fararen kaya. Masunta da ke kawo gyara suka ce ya yi wa tsohon alkawarin sabon inji fil. Suka ce an kusa sa rana. Makanikin yana ji, yana ɗaure noti, ba ya ɗagowa.

Ya rame. Aiki ya taru, bai damu ba. Gwangwanin shuɗin fentin da ya haɗa da kansa, don ya yi daidai da tsohon launi, yana nan a kan kanta ba a taɓa ba. Wani mai gyara ya jawo bokitin zai zauna, ya ce masa ya tsaya a tsaye.

Damina ta faɗi. Da ya ji ƙamshin ruwan farko, abin da ya faɗo masa shi ne farin ƙarfe a cikin danshi, ba fenti, ba mai. Ya ɗauki waya.

"Auta, wannan ne na ƙarshe. Na ji zancen mai shago, Allah ya sa alheri. Amma injin tsirara yake, ga ruwa ya sauka. Ku kai wa ko wane ne, ba sai ni ba, ya goge shi ya shafa jan fentin ƙasa. In tsatsa ta shiga ciki, ba mai iya tayar da shi. Na share hannun yayanki. Kada injinsa ma ya tafi ta dalilina."

Bai sa ran amsa ba. Ta zo washegari.

"Wa ya ce maka na karɓi mai shago? Baba ne ya ƙwace wayata. Da ta yi ƙara ya miƙo min ya ce in karanta masa. Ya ce ka zo da kayan aikinka. Ban san nufinsa ba, kada ka sa rai."

Ya tarar da injin a ƙarƙashin rumfar tsakar gida, ja ya fara feso masa ko'ina. Tsohon yana zaune a kan tabarma. Ya amsa sallama, bai amsa gaisuwa ba.

Makanikin ya durƙusa ya fara daga farko. Ya goge, ya wanke, ya jira rana ta busar. Ya shafa jan fentin ƙasa. Kullum yana zuwa, kullum tsohon yana zaune yana kallon hannunsa. Auta takan ajiye ruwa ta wuce, ba ta ɗaga ido.

Sau ɗaya tsohon ya yi magana, kamar da bango yake.

"Mai shago ya ce in kai injin wurin masu sayen tsohon ƙarfe, su ɗora a sikeli."

Ranar da ya shafa shuɗin ƙarshe, murfin ya fito yana sheƙi. Ya tattara burushinsa. Aiki ya ƙare, ba shi da sauran dalilin shigowa gidan.

"Baba, kada a taɓa sai ya bushe. Na bar ku lafiya."

"Miƙo hannunka."

Ya miƙa. Tsohon ya kama wuyan hannun da ƙarfi, ya ja shi, ya danna tafin a gefen murfin, daidai inda na da yake.

"Baba, zai ɓata fentin."

"Na sani."

Ya ɗaga. Yatsu biyar a baje. Tsohon ya daɗe yana kallo.

"Ba nasa ba ne. Nasa ba zai dawo ba." Ya saki hannun. "Ka turo min kawunka."

Daga bayan labule aka ji kukan Inna.

Bayan damina aka ɗaura aure. Tsohon da kansa ya tayar da injin, bugu ɗaya ya kama, ya haye da su a jirgi zuwa sabon gidansu a ɗaya gaɓar. Amarya ta kama hannun angonta tana duba farcensa.

"Sarkin Tsatsa, ko yau ba ka wanke ba?"

"Na wanke, Sanyin Idona. Ba ya fita."

Da suka sauka, tsohon ya ce, "Allah ya yi muku albarka. Ya ba ku masu jin ƙanku." Ya juya jirgin. Suna tsaye a gaɓa suka ga ya ɗora tafinsa a kan shatin. Bai yi daidai da wanda ya saba ba. Bai ɗauke hannun ba.