Matar da Ta Rufe Iska a Tulu

A zamanin da Iska ke amsa sallama, an yi wata mata mai shanya ganyen kuka a tabarma. Ta shanya, Iska ta watsar. Ta sake shanyawa, Iska ta sake watsarwa. Ran nan haushi ya ishe ta, ta lallaɓa ta cafke Iska, ta cusa ta a tulu, ta toshe bakin da tsumma.

Gari ya yi tsit. Zafi ya hana yara sakat. Hadari ya haɗu a gabas, baƙi ƙirin, amma ya tsaya cik, gero kuwa sai yaushi yake yi.

Matar ta durƙusa gaban tulun ta ce, "Baiwar Allah, me ya hana hadarin nan ƙarasowa?"

Iska ta ce, "Iya, ai ba shi da ƙafa. Ni ke ɗauko tururin kogi in kai sama ya zama girgije, ni ke turo shi kan gonakinku."

Nan take matar ta zare tsumman. Kafin ta naɗe tabarma, ruwa ya goce.

Tun daga ranar, in Iska ta watsar mata da kuka, sai ta duƙa tana tsincewa tana cewa, "Sannu da aiki, baiwar Allah."