Ɗakin da Aka Ce Babu Kowa

Ana gab da magariba auta ta gama rubuta allon. Ragowar fentin ƙofa ta samu, ta tsoma tsinke tana jan baƙaƙen a hankali: AKWAI ƊAKIN HAYA, BABU KOWA A CIKI. Kawunta, ƙanin mahaifiyarta, ya kafa shi da ƙusa a jikin katanga, ya ja baya yana kallo kamar shi ya rubuta. Umma ba ta fito ba. Tana kan keken ɗinkinta tana takawa, alhali babu ƙyalle a ƙarƙashin allurar.

Ɗakin na babban ɗanta ne. Direban babbar mota ne, ya yi wata tafiya shekarun baya, aka tsinci motar a gefen hanya, shi kuwa ba rai ba gawa. Tun daga nan Umma ta hana a taɓa masa komai. Kullum da yamma sai ta share ɗakin, ta kakkaɓe shimfiɗa, ta bar ƙofar a buɗe, ta ce, "Ɗakinka na nan, in ka dawo ka shigo." Mutanen gidan sun saba har sun daina ji. Sai da ruwan sama ya fara cin rufin gidan, ɗinki kuma ya kasa ɗaukar gyaran, sannan kawu ya yi ta lallashi har ta ce to, ba don ranta ya so ba.

Fentin bai bushe ba dutsen farko ya faɗo a kan kwano. Na biyu ya biyo baya, ya gangaro a hankali, ya tsaya daidai ƙofar ɗakin. Kawu ya fita da sanda zai kama yaran maƙwabta, ya tarar da layin shiru, ko kaza babu.

Duk da haka masu neman haya suka fara zuwa, dillali na gabansu yana yabon ɗakin kamar mai tallan aljanna. Wasu sababbin ma'aurata ne suka fara leƙowa. Matar ta yi sallama a bakin ƙofa don ladabi kawai, sai aka amsa mata daga ciki. Ko takalminta ba ta tsaya gyarawa ba, ta bar gidan a guje. Wani malamin makaranta ya dafa katifar, ya janye hannunsa, ya tambaya wa ya tashi daga kanta yanzu. Dillali ya yi dariyar yaƙe, ya ce ai iska ce. Bai san gaskiya ya faɗa ba.

Da abin ya tsaya a kan duwatsu, da sauƙi. Amma auta, yarinyar da surutunta ke cika gidan, ta fara yin shiru. Ta daina cin abinci, wuyanta ya fito. Da rana ta yi sanyi sai ta je ta zauna a dokin ƙofar ɗakin, ta miƙe ƙafafu irin zaman maza. Wata yamma Umma ta same ta a waje tana kankare allon da farce, yatsunta duk jini. Kalma biyu kaɗai take kankarewa: babu kowa.

Umma ta kama hannunta. Yarinyar ta ɗago, ta ce, "Umma, ni kika sa a haya?"

Muryar ɗanta ce, har da ɗan kaushin nan nasa na mai kwana a hanya. Umma ta ji tsoro, amma abin da ya fi tsoron muni shi ne daɗin da ta ji, daɗin da ta yi shekaru tana yunwarsa.

Kawu ne ya ɗauko wani malami mai cire aljanu, dattijo marar yawan magana. Ya iso bayan la'asar, ya zauna a kan tabarma a gaban yarinyar, ya fara karatu ƙasa-ƙasa. Inuwar katanga ta rufe tsakar gida. Tsuntsayen da ke kan waya suka tashi gaba ɗaya. Can sai jikin auta ya sandare, ta saki wani dogon numfashi wanda ya fi ƙarfin ƙirjinta.

"Wane ne kai?" in ji malam.

"Ɗan gida."

"Ɗan matar nan ne kai?"

Aljanin da ke jikinta ya ce, "Ban taɓa cewa ni ne ba. Wucewa nake yi wata yamma, na ji ana cewa in shigo. Na shigo. Ana share mini, ana gyara mini shimfiɗa, ban cuci kowa ba. Sai yarinyar nan ta rubuta a bainar jama'a cewa babu kowa."

"Muryar fa, ina ka samo ta?"

"A ɗakin na tarar da ita. Tana cikin bango, tana cikin matashin kai."

Malam ya ce ya fita daga jikin yarinyar, ya fita daga gidan. Aljanin bai kula shi ba. Ya juya fuskar auta wajen Umma, ya tausasa muryar.

"Umma, ki bar mini ita da yamma kawai. Da rana taki ce. In zo in gaishe ki, in tambaye ki me kika dafa."

Hawaye suka zubo wa Umma. Malam ya dube ta, ya ce, "Baiwar Allah, zan iya yin karatu har gari ya waye, amma ke kika ce ya shigo, ke za ki ce ya fita. Yarinyar nan kuma jikinta ba zai jure ba."

Umma ta matso. Ta kalli wuyan 'yarta, ta kalli yatsun da aka ɗaure da tsumma. Ta tambayi abin da ta daɗe ba ta da wanda za ta tambaya.

"Yana raye?"

"Ban sani ba. Ni ɗakin kawai na sani. In kika ce mini wanda kike kira ba zai zo ba, zan tafi. Amma da muryar zan tafi."

Kawu ya sunkuyar da kai. Da Umma ta buɗe baki, kalmomin da ƙyar suka fito.

"Ba zai dawo ba. Allah ya jiƙansa." Ba ta taɓa yi masa wannan addu'ar ba sai ran nan. "Ka fita."

"To, Umma. Sai wata rana."

Labulen ɗakin ya ɗaga, ya sauka. Auta ta sulale a kan tabarma, gumi ya jiƙe mata goshi. Bayan ɗan lokaci ta buɗe ido, ta waiga, ta ga uwarta durƙushe a kanta.

"Umma?" ta ce, da 'yar siririyar muryarta.

Umma ta rungume ta, ta ƙanƙame ta sosai. Amma sai da yarinyar ta sake kira sannan ta iya amsawa.